Hutun Haihuwa a Yamai: Yadda Za Ki Tafi da Haƙƙinki, Ki Dawo Ki Iske Kujerarki

A wurinmu ciki ba abin shela ba ne. Mace takan kai wata biyar ko shida tana ƙara faɗin riga da girman lulluɓi, ko uwar da ta haife ta sai dai ta gane da ido. A gida wannan kunya ado ce. A wurin aiki kuwa ita ce ke fara cin kuɗin mace tun kafin kowa ya cuce ta, domin akwai takardun da ake so a wata na uku, akwai kwanakin da ake lissafawa, akwai kuma alkawarin da shugaba zai yi miki da baki cikin fara'a, wanda bayan wata huɗu ba mai tuna yadda aka yi shi. Abin da nake so ki riƙe a duk wannan bayani shi ne: ki yi magana da ladabi, ki yi ta da wuri, sannan duk abin da aka yarda da shi ya hau takarda, ke ma ki riƙe kwafinki.

Da farko, wace doka ce a kanki?

Ba duk ma'aikata ke ƙarƙashin doka ɗaya ba. In kina aiki a banki, kamfanin waya, makaranta mai zaman kanta, kantin magani, otal ko ƙungiyar agaji, Dokar Ƙwadago ta Nijar ce ke kanki, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. In ke cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati ce, kuna da taku dokar daban, takardarki kuma ta hannun shugabanki za ta bi har ta kai inda ake sa hannu. Yawancin abin da zan faɗa kan kuɗi da CNSS, wato asusun ƙasa da ke biyan ma'aikata fansho da kuɗin haihuwa, na rukunin farko ne, amma maganar rubutu da lissafin kwana ta shafi kowa.

Ki ɗauko kwantaraginki ki sake karanta shi. In mai wa'adi ne, irin wanda ƙungiyoyin agaji ke yawan bayarwa na wata shida ko shekara, ki dubi ranar ƙarewarsa, ki gwada ta da ranar da ake sa ran haihuwarki. Kwantaragi mai wa'adi yakan ƙare ne ranar da aka rubuta, ko kina kan kujera ko kina ɗakin jego. In ranar ta faɗa cikin hutunki, maganar sabuntawa ita ce ta farko da za ki nema a warware, tun kina zuwa aiki ana ganin amfaninki.

Wadda ba ta da kwantaragi a rubuce kada ta ɗauka ba ta da komai. Muddin kina yi wa wani aiki ƙarƙashin umarninsa yana biyanki, doka ta san da ke. Wuyar ita ce shaida, don haka ki fara tara ta: takardun albashi in ana ba ki, saƙon turo kuɗi ta waya, saƙonnin da ake ba ki umarni, katin aiki.

Abin da doka ta ba ki

Sashe na 111 na Dokar Ƙwadago ya ba ki mako 14 a jere, 8 daga cikinsu bayan haihuwa. In ciki ko haihuwar ta jawo rashin lafiya, likita kuma ya tabbatar a rubuce, ana ƙara mako 3. Cikin wannan lokaci mai wurin aiki ba shi da ikon ba ki takardar sallama. Sashe na 78 kuma ya fitar da juna biyu daga cikin dalilan da ake iya korar ma'aikaciya a kansu. Sashe na 112 ya ɗora wa CNSS biyan rabin albashin da kike karɓa lokacin da kika dakatar da aiki, da mayar da kuɗin haihuwa gwargwadon farashin asibitocin gwamnati. Sashe na 113 ya ba ki lokacin shayarwa da bai wuce awa ɗaya a yini ba, har wata 12 daga ranar haihuwa.

A shekarar 2019 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kare masu haihuwa. A ciki an ce mace ta koma kan aikinta ko makamancinsa da albashi iri ɗaya, kuma in an kore ta tana da ciki ko tana hutu, mai aikin ne zai kawo hujjar cewa korar ba ta da alaƙa da cikin. Ki san waɗannan lambobi, amma ki bar su a jaka. Ba da su ake buɗe magana da shugaba ba.

Mataki na ɗaya: ki leƙa CNSS kafin ki faɗa wa kowa

Mata da yawa sai sun haihu, sun haɗa dosiye, sun kai, sannan suke jin cewa ba a taɓa yi musu rajista ba, ko an yi amma an daɗe ba a zuba musu ba. A takardar albashinki akwai layin da ake cire kashi 5,25 cikin 100 na fansho. Ganin an cire ba shi ne shaidar an kai ba. Ki ɗauki lambarki ta CNSS da katin ɗan ƙasa, ki je ofishinsu, ki ce a duba miki ko ana zuba miki, kuma zuwa wane wata. Reshen CNSS da ke biyan kuɗin iyali da na haihuwa, mai aiki ne kaɗai ke zuba masa, ba a taɓa albashinki dominsa, ana kuma duba ko kin yi wata 6 a jere kina aiki.

Tun kina can ki nemi jerin takardun da ake buƙata, ki rubuta su ko ki ɗauki hotonsu da waya. Ki tambayi batun alawus na masu ciki. Ana ɗaure shi ne da awo uku: kafin ƙarshen wata na uku, wajen wata na shida, da wata na takwas. Wadda ta sanar da cikin a watanni ukun farko ita ke samun alawus ɗin a cike. Nan ne kunya ta fi yin ɓarna, domin a wata na uku yawancinmu ko miji da ƙyar muka faɗa wa. Kuɗin ba masu yawa ba ne, ba zan ruɗe ki ba, amma naki ne, kuma buɗe dosiye da wuri yana sauƙaƙa babban biyan da ke gaba. Ko a CSI, wato asibitin unguwa, kike awo, ko a wani kilinik, ko an tura ki asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, ki tabbata ana cika takardar, ana sa hannu da hatimi kowane zuwa.

In kin iske ba ki da rajista, kada ki koma ofis da faɗa. Rajistar ma'aikaci wajibi ce a kan mai aiki, shi ma ya sani. Ki sanar da mai kula da ma'aikata ko akanta cewa kin je haɗa dosiyen haihuwa an ce ba a ga sunanki ba, kina roƙo a daidaita. Ki bi maganar da ƴar takarda. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, domin ba mai son ganin sufeton ƙwadago a ƙofarsa.

Mataki na biyu: faɗa wa shugaba

A ganina lokacin da ya fi shi ne da zarar wata na uku ya cika, likita ya ba ki takardar shaida mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa. Wadda aikinta ke da ɗaukar kaya, doguwar tsayuwa, aikin dare, sinadarai ko tafiye-tafiyen ƙauye a kan hanya marar kyau, ta faɗa tun kafin haka, da takardar likita da ke neman a sassauta mata. Dalilin gaggawar a fili yake: kariyar da doka ta ba ki tana da ƙarfi ne in za ki iya nuna cewa an san kina da ciki. In an sallame ki a wata na biyar ba ki taɓa faɗa ba, cewa za a yi ba a sani ba, ko da kowa a ofis ya gani.

Ki nemi ganinsa shi kaɗai, a lokacin da ba ya cikin hayaniya. Kada ya fara ji daga bakin sakatare ko direba. Shugabanni da yawa sun fi jin haushin wannan fiye da hutun kansa. In namiji ne kuma bakinki ya yi nauyi, ba sai kin yi dogon bayani ba. Bayan gaisuwa ki ce: "Ranka ya daɗe, na zo ne in sanar da kai ina da juna biyu. Likita ya ce in Allah ya yarda tsakiyar watan Mayu ne. Na ga ya kamata ka sani da wuri don mu tsara yadda aiki ba zai tsaya ba." In mace ce, Hajiya ko Madam, yadda kuka saba, maganar ɗaya ce. Kada ki ba da haƙuri kamar kin yi laifi, kada kuma ki yi alkawarin da ba a tambaye ki ba, irin "ai bayan suna zan dawo". Wadda ba ta haihu ba tukuna ba ta san yadda jikinta zai kasance ba.

Amsar da za ki ji kusan kullum mai daɗi ce: "Ba komai, Allah ya raba lafiya, in lokaci ya yi sai ki tafi." Ki ce amin, ki yi godiya. Kashegari ki kai takarda. Ana iya yi wa shugaban nan canjin wuri, ana iya sayar da kamfanin, aikin ƙungiyar na iya samun sabon jagora daga waje wanda bai san an yi wannan zama ba, shi kansa yana iya mantawa da gaskiyarsa. Wata za ta ce kai takarda bayan an yi maganar mutunci kamar rashin yarda ne. Akwai hanyar kauce wa wannan: ki ce CNSS na buƙatar komai a rubuce don dosiye, wanda kuma gaskiya ne.

Takardar gajeruwa ce, a yawancin wurare da Faransanci. Ta ƙunshi sunanki da muƙaminki, sanarwar cewa kina da ciki, ranar da ake sa ran haihuwa, ranar da za ki fara hutu, ranar da za ki dawo, da ambaton cewa kin haɗa da takardar likita. Ki yi kwafi biyu. Ɗaya a karɓa, ɗaya a buga miki hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ki tafi da ita gida. Gida na ce, kada ki bar ta a aljihun teburin ofis. In an ƙi sa hannu, ki tura ta imel ko WhatsApp ga shugaban, ki adana shaidar turawa, ki kuma sanar da wakilin ma'aikata. Wurin da ke da ma'aikata fiye da goma doka ta ce a zaɓi wakilai, kuma kai irin wannan koke na cikin aikinsu.

Mataki na uku: lissafin kwana

Ki zauna da kalanda. A ce likita ya sa 15 ga Mayu. Mako 6 kafin nan shi ne 3 ga Afrilu, mako 8 bayan nan kuma 10 ga Yuli. Jimilla kwana 98. In haihuwar ta yi jinkiri, kamar yadda ta fari takan yi, mako takwas ɗin daga ranar da kika sauka ake ƙirga su, sai ki sanar da ofis sabuwar ranar a rubuce.

Mako 8 kwana 56 ne. Ki cire arba'in na jego, saura 16. Ke nan kina gama wankan jego, kin ɗan zaga gaishe da dangi, sai aiki, jariri bai cika wata biyu ba. Shi ya sa kusan kowace mace ke son ta yi ta aiki har naƙuda ta kama ta, don a tara mata makonnin a bayan haihuwa. Na fahimci dalilin, amma akwai abu biyu. Na ɗaya, abin da doka ta rubuta shi ne 14 a jere, 8 a bayan haihuwa. Duk wani tsari daban yarjejeniya ce tsakaninki da mai aiki, wadda in ba a rubuta ba, ana iya kiran ki ranar da mako takwas suka cika a ce hutu ya ƙare, makonni shidan farko kuwa kin bayar da su sadaka. Ki kuma tambayi CNSS yadda za su lissafa biyan kafin ki yanke. Na biyu, jikinki. Wadda wata na tara ya same ta a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, tana jiran taksi a rana daga Talladje ko Lazaret, ko tana cikin cunkoson Gadar Kennedy daga Harobanda, ta san makonnin nan ba a banza aka sa su ba. In likita ya ce ki tsaya, ki tsaya.

Hanyar da ta fi tsabta ta ƙara kwana ita ce hutun shekara. Doka ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, kuma watannin hutun haihuwa ana ƙirga su cikin lissafin kamar kin yi aiki. In kin san kina da ciki, ki adana hutun shekararki, ki roƙi a manna miki shi a ƙarshen na haihuwa. Da haka jaririn zai kusa wata uku kafin ki fita. Wannan roƙo ne, domin da yardar mai aiki ake sa ranar hutun shekara, saboda haka ki sa shi cikin takardar farko, kada ki bari sai saura mako guda ki dawo. Kada kuma ki yarda a ce miki hutun haihuwa ya cinye na shekara. Kowanne da gurbinsa.

Mai haihuwar fari da za ta tafi goyon ciki gida, Tahoua ko Ƙonni ko Dogondutsi, ta sa kwanakin hanya cikin lissafi, ta kuma bar wa miji ko wani amintacce kwafin takardunta a Yamai.

Mataki na huɗu: kuɗi

Rabin albashi daga CNSS yake fitowa. Ɗaya rabin ya danganta da daɗewarki: bisa yarjejeniyar gama-gari ta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, wadda ta kai shekara 2 a wuri ɗaya mai aiki ne ke cika mata har albashinta ya kai yadda yake. Mai karɓar jika 120 a wata, ke nan 60 daga CNSS, 60 daga wurin aiki in ta cika shekara biyun. In ba ta cika ba, ta shirya zama da 60, sai in kwantaraginta ko dokar cikin gida ta wurin ta fi haka alheri. Bankuna da manyan ƙungiyoyi sukan fi, don haka ki karanta naku.

Tambayar da za ki yi wa akanta ita ce: za a ci gaba da ba ni albashi cikakke ku karɓo naku daga CNSS, ko ni zan bi rabin da kaina? In ke za ki bi, ki sa a ranki ba ƙarshen wata zai zo ba, dosiye na ɗaukar lokaci, ga hidimar suna da ragon suna suna jira a rana ta bakwai. Ki ɗan tara wani abu, ko ki nemi a sa kwasarki ta adashi ta faɗo a watan haihuwa. Kafin ki tafi ki karɓi takardar da ke nuna ranar da kika dakatar da aiki da takardun albashinki na ƙarshe, domin za a neme su. Abin da ake ba ki wanda ba kuɗi ba, kamar gidan da wurin aiki ya ba ki, doka ta ce yana nan cikin hutun. In kina da bashin banki da ake cira daga albashi, ki je ki yi musu bayani tun kafin albashin ya ragu.

Mataki na biyar: miƙa aiki

Saura mako biyu ki tafi, ki rubuta abin da ke hannunki: wane aiki ya kai ina, wa ake jira, ina takardu suke. Kuɗi, makullai da kayan aiki a ƙirga su gaban shaida, ku sa hannu ke da mai karɓa. Wannan ya fi muhimmanci ga mai riƙe da kasu ko sito, domin giɓin da aka gano bayan tafiyarki sunanki za a fara kira.

Ki koya wa mai riƙe miki aiki da zuciya ɗaya. Wasu na ɓoye sirrin aiki don a ji rashinsu. Abin da ke biyo baya shi ne waya tana ta ƙara kina fama da jariri. Ki dai nemi takardar da ta naɗa shi ta nuna riƙo ne na ɗan lokaci har ki dawo.

Bayan an sauka lafiya

Cikin kwanakin farko maigida ko wani ɗan'uwa ya sanar da ofis, ya kai kwafin shaidar haihuwa daga asibiti. A yi sanarwar haihuwa a karɓo takardar haihuwar yaro daga ofishin magajin gari; wa'adin kwana 60 ne, in ya wuce sai an bi ta kotu, dosiyen CNSS kuma ba ya tafiya sai da ita. Rasiɗin asibiti duk a ajiye. Ki gayyaci abokan aiki da shugaba suna, wannan zumunci ne kuma yana gyara dawowa.

In an yi miki tiyata, ko hawan jini ya biyo baya, ko wata matsala, ki nemi takardar ƙarin mako 3 daga likita tun hutun bai ƙare ba, ta isa ofis kafin ranar da ake jiran ki. Rashin zuwa ba tare da takarda ba, ko da kwana uku ne, shi ne ƙofar da mai neman dalili ke shiga, a rubuta cewa kin yi watsi da aiki.

Za a kira ki a waya. Tambaya ɗaya ko biyu, ina fayil kaza, ba laifi ki amsa. In ya zama ana turo miki aiki gida, ki ce cikin ladabi: "Yallaɓai, ina cikin jego, ba zan iya yi yadda ya kamata ba, wane na da duk bayanin." Kwantaraginki a dakace yake, kuma kuɗin da CNSS ke biya na wadda ta tsayar da aiki ne.

Komawa

Saura kwana goma, ki kira ko ki leƙa, ki tabbatar da ranar, ki kuma buɗe maganar awar shayarwa. Doka ta faɗi yawanta, amma yadda za a raba ta sai kun zauna. Mai gida kusa da ofis tana iya zuwa ta dawo. Mai aiki a Plateau da ke zaune a Aéroport ko Niamey 2000, awa ɗaya a hanya za ta ƙare, ko da kabu-kabu. Irin wannan gara ta nemi ta riƙa zuwa a makare da awa ɗaya, ko ta tashi da wuri da awa ɗaya, ko a haɗa awar da hutun sallar azahar. Wasu kan zo da ƴar raino ta zauna da jariri a wani ɗaki ko gidan sani kusa da ofis. Duk wanda aka zaɓa a rubuta shi, da ranar da zai ƙare, wato ranar da yaro ya cika shekara. Awar nan haƙƙi ce. Kada ki karɓe ta kamar alfarmar da za a riƙa yi miki gori a kanta, kada kuma ki mayar da ita awa biyu, domin ta nan ake fara samun abin faɗa a kanki.

Likitoci na cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba wa jariri. Mai aiki ba ta iya wannan sai da tatsa. Ki fara gwadawa mako biyu kafin komawa, don ke da jaririn da mai rainon ku saba. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, a firji kuma har kwana 4. Da zafin Yamai da ɗaukewar wuta kada ki dogara da waɗannan iyakoki har ƙarshensu. Kula mai ƙanƙara a ciki ta fi aminci. Ki nemi wurin da za ki tatsa a ofis, ɗaki mai ƙofa, ba ban-ɗaki ba. Sai kuma babban aiki, wato shawo kan kaka ko gwaggon da za ta ce yaro na jin ƙishirwa a wannan zafi. In ba za ta ji daga bakinki ba, ki tafi da ita awon jariri ta ji daga bakin ungozomar asibiti.

Rigakafi ma na jira. Bayan na ranar haihuwa akwai na mako 6, 10 da 14, sai na wata 9. Na mako 10 da na 14 sukan faɗo bayan kin koma aiki. Ki ba shugaba ranakun tun ranar farko, ki nemi izinin safiyar. Wanda aka sanar da shi wata guda kafin lokaci da wuya ya hana.

Ranar da kika koma ki nemi takardar shaidar komawa aiki, ki duba takardar albashin watan farko da kyau: matsayinki, shekarun aikinki da alawus su kasance yadda kika bar su.

In kin iske an canza miki

Wani lokaci ba kora ake yi ba. Sai ki dawo ki iske wani a kujerarki, an ce ki ɗan zauna tukuna, ko an mayar da ke wani aiki ƙasa da naki, ko an tura ki reshe mai nisa da aka san mai jariri ba za ta iya ba. Manufar ita ce ki gaji ki tafi da ƙafarki. Kada ki daina zuwa. Ki zo kan lokaci kullum, ki sa hannu a rajista, ki rubuta takarda mai sanyi kina tambayar matsayinki da aikin da aka ba ki. Kada ki sa hannu kan kowace takarda a tsaye, musamman ta ajiye aiki ko ta "rabuwa cikin fahimta". Ki ce za ki je ki karanta. Wadda ta ajiye aiki da kanta ta rasa kuɗin sallama.

Ki fara da wakilin ma'aikata, da ƙungiyar ƙwadagonku in kuna da ita, ko tana ƙarƙashin USTN, CDTN, CNT ko wata. In akwai dattijon da shugaban ke jin nauyinsa, sa shi a magana ba aibu ba ne, sau da yawa ma ya fi sauri. In duk ba su yi ba, sai ofishin sufeton ƙwadago. Akwai a Yamai, akwai a Tahoua da sauran manyan biranen jihohi. Ki je da kwantaragi, takardun albashi, takardar likita da kwafin nan mai hatimi. Sufeto zai kira ku sulhu. In an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba a ba da takardar rashin sulhu, magana ta wuce kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Kada ki bari watanni su shuɗe kina jiran a ji tausayinki, domin neman haƙƙin albashi na da wa'adi.

Akwai kuma wadda da kanta za ta ga ba za ta iya ci gaba ba, ko don lafiyar yaro, ko don babu mai raino. Doka ta yarda mai ciki, da mai shayarwa cikin wata 12 ɗin nan, ta bar aiki ba tare da ba da wa'adi ba, ba kuma za a ce ta biya diyyar karya kwantaragi ba. Kafin ki kai nan, ki gwada neman hutu marar albashi na wata biyu ko uku, ko aikin rabin yini na ɗan lokaci. Ba dole ne a ba ki ba, amma wurin da ya san darajarki yakan yarda, kuma shi ma a rubuta shi da ranar dawowa. In tafiyar ce dai, ki rubuta takardar ajiye aiki da kanki, ki karɓi kuɗin kwanakin hutun shekarar da ba ki ci ba, da takardar shaidar aiki mai nuna ranar shigarki da ta fitarki da muƙamin da kika riƙe. Lambarki ta CNSS kuma ki adana ta, da ita za ki ci gaba duk inda kika sake samun aiki.